Gidajen tsoffi masu ciwon mantuwa: abin da aka gano a Faransa

Kusan kowane gari yana da irin wannan tsohuwa. Ta sha furarta da hantsi, jikanta ya ɗauke ƙwarya, ba a jima ba sai ta ce yau ba wanda ya ba ta komi. Ko kuwa tsoho wanda ya shekara 60 yana noman gona guda. Wata rana ya fita zuwa gonar, ya rasa hanyar gida, sai da almuru makiyaya suka tarar da shi gindin gawo suka rako shi. Mutane kan ce gigin tsufa ne. Wasu su ce iska ne. Wasu ma su ce an yi masa sammu.

Likitoci sun ce ciwo ne, kuma cikin ƙwaƙwalwa yake. Ba kowane tsoho yake kamawa ba. Akwai mai shekara 90 da ke tuna sunan kowace saniya da ya taɓa kiwo. Wanda ciwon ya kama, ƙwaƙwalwarsa ce take lalacewa sannu sannu, kamar yadda gara take cin azara daga ciki. Da farko yana manta abin da ya faru ɗazu, amma yana tuna yunwar da aka yi yana yaro. Daga baya ya manta hanya, ya manta lissafin kuɗi, ya manta raka'a nawa ya yi cikin salla. A ƙarshe har ɗansa na cikinsa ba ya ganewa, ba ya iya riƙe fitsari, ba ya iya kai lomar tuwo bakinsa.

Wani likita na ƙasar Jamus, mai suna Alois Alzheimer, shi ne ya fara bayyana iri mafi yawa na wannan ciwo. Cikin shekara ta 1901 aka kawo masa wata mace mai shekara 51 a asibitin birnin Frankfurt. Da ta rasu cikin 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga ta tsuke, ta lalace. Shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Akwai wani iri kuma da hawan jini da shanyewar jiki suke kawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin shekara ta 2021 mutum miliyan 57 ne suke da ciwon mantuwa a duniya, kuma kowace shekara ana samun sabbi kusan miliyan 10. Fiye da 60 cikin 100 na waɗannan mutane ba a ƙasashe masu arziki suke ba. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da shi ba. Abin da ya rage shi ne kulawa, kuma a nan magana take.

Gidan da ake biya

A ƙasar Faransa, idan tsoho ya kai inda iyalinsa ba su iya riƙe shi, sai a kai shi wani gida na musamman. Mai karatu kada ya yi saurin cewa mutanen can ba su san darajar iyaye ba. Yawancin masu ciwon a gida suke, matansu ko ɗiyansu ke wahala da su shekara da shekaru. Amma gidajen birni ƙanana ne, miji yana aiki, mata tana aiki, ɗiya sun watsu garuruwa. Wani lokaci mai kula da tsohon ita ma ta kai shekara 80. Wa zai ɗaga wani?

Waɗannan gidaje da faransanci ana ce musu EHPAD. Sun kai 7,500 cikin ƙasar, kuma tsoffi wajen 600,000 ne suke zaune ciki. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na mazaunan suna da ciwon mantuwa. Wasu gidajen na hukuma ne, wasu na ƙungiyoyin taimako, wasu kuwa na kamfanoni masu neman riba. Kuɗin ya kasu. Tsoho ko iyalinsa su biya ɗaki da abinci. Gwamnati ta biya kuɗin jinya da albashin masu jinya daga asusun jama'a.

Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin shi ne Orpea. Wani likita, Jean-Claude Marian, ya kafa shi cikin 1989. Ya girma har ya mallaki gidaje da asibitoci fiye da 1,000 cikin ƙasashe sama da 20. A Faransa kaɗai gidajen tsoffinsa sun wuce 200.

Ran 26 ga watan Janairu na 2022 wani ɗan jarida, Victor Castanet, ya fitar da littafi mai suna Les Fossoyeurs, wato masu haƙa kabari. Shekara 3 ya yi yana bincike. Ya yi magana da mutum wajen 250: masu jinya, masu dahuwa, shugabannin gidaje da suka bar aiki, da iyalan tsoffi. Ya fara da wani gida da ke Neuilly, unguwar masu kuɗi kusa da birnin Paris. A lokacin, ɗaki mafi araha a gidan ana biyan euro 6,500 kowane wata. Da kuɗin sefa ya wuce miliyan 4. Wata guda ke nan, ba shekara ba.

To, mene ne ake samu da wannan kuɗi? Wata ma'aikaciya ta gaya wa ɗan jaridar cewa ƙunzugun da ake ɗaura wa tsoffin da ba su riƙe fitsari, ƙidaya shi ake yi. Guda 3 a yini, ko da tsoho yana zawo. Idan ya ɓata na ukun, sai ya kwana cikin ƙazanta har a kai lokacin canji. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san abin da ke biyo baya. Fata ta yi laushi, ta saɓule, gyambo ya fito a ƙugu da duwawu. Gyambon kwanciya kuwa idan ya yi zurfi yana kisa.

Abinci ma an auna shi. Littafin ya ce kuɗin da aka yanke don cimar mutum guda, tun daga karin kumallo har tuwon dare, bai kai euro 5 ba a yini. Da sefa wajen jikka 3 ne. A kasuwar Maradi ko ta Tawa wannan kuɗi ne mai auki. A Faransa kuwa burodi guda ɗaya yana kai euro 1. Ke nan kuɗin burodi 5 ne aka ce a ciyar da tsoho da shi yini guda.

Sai maganar ma'aikata. Idan mai jinya ta yi rashin lafiya, sau da yawa ba a kawo wata a madadinta. Albashin da ba a biya ba ya zama rara. Waɗanda suka zo aiki su ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu: wanka da gaggawa, abinci da gaggawa. Mai ciwon mantuwa ba ya cin abinci da gaggawa. Yana iya riƙe loma a baki ya manta da haɗiya. Sai an zauna kusa da shi, ana tuna masa, ana lallashi, wani lokaci rabin awa. Idan mai jinya guda tana da mutum 10 ko fiye da ke jiranta, sai ta ɗauke kwano a rubuta bai ci ba. Haka tsoho yake ramewa cikin gidan da ke da fitilu da furanni a ƙofa.

Akwai kuma wata dabara ta kuɗi. Kayan jinya irin su ƙunzugu da kuɗin jama'a ake sayensu. Kamfanin ya saya wurin ƴan kasuwa, a ƙarshen shekara ƴan kasuwar su mayar masa da wani kaso. Wannan kaso ba ya komawa ga tsoffi, ba ya komawa ga gwamnati. Kamar a ba mutum kuɗi ya sayo wa mara lafiya hatsi tiya 10, ya shirya da mai awo, a ba shi la'ada ya sa aljihu.

Da farko kamfanin ya ce ƙarya ce da ɓata suna. Amma kwana 4 bayan fitowar littafin aka sallami babban darektansa, Yves Le Masne. Minista mai kula da sha'anin tsoffi a lokacin, Brigitte Bourguignon, ta kira shugabannin kamfanin ofishinta. Gwamnati ta aika masu bincikenta na kuɗi da na jin daɗin jama'a. Rahotonsu ya fito cikin watan Afrilu na 2022. Sun tarar abincin da ake zubawa bai isa ba, sun tarar ba a kai rahoton haɗurra da yawa ga hukuma, sun tarar an karkatar da kuɗin jama'a. Gwamnati ta kai magana gaban shari'a. Aka ce kamfanin ya mayar da euro miliyan 55.8, wato sama da miliyar 36 na sefa. Ya yi ja-in-ja, daga baya cikin watan Nuwamba ya yarda ya biya duka. Bashi ya yi masa katutu. A ƙarshen 2023 wata babbar ma'ajiyar kuɗi ta gwamnati, Caisse des Dépôts, tare da abokan hulɗarta, suka karɓi ragamarsa. Cikin 2024 aka canza masa suna zuwa Emeis.

Me ya sa abin ya daɗe ba a sani ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi. Mai ciwon ƙafa idan an zalunce shi zai faɗa. Mai ciwon mantuwa ba ya iya faɗa. An bar shi da yunwa da rana, ɗiyarsa ta zo da la'asar ta tambaye shi, ya riga ya manta. Idan kuma ya tuna ya faɗa, sai a ce ai ka san halin ciwon, jiya ma ya ce an sace masa agogo. Wanda ba a yarda da shaidarsa ba, shi ne ya fi sauƙin cuta. Iyali ma suna tsoro. Idan suka yi ƙorafi da yawa, ina za su kai shi? Masu jinya kuwa, da yawansu mata ne masu ƙaramin albashi, wasu ƴan Afirka ne da suka je neman abinci. Yawancinsu suna iya ƙoƙarinsu. Su ne ma suka tona asirin. Laifin yana sama, wurin masu riƙe da alƙalami.

Ba a ce ba wanda ya yi gargaɗi ba. Cikin watan Mayu na 2021, Claire Hédon, wadda ke shugabantar hukumar kare haƙƙin jama'a ta Faransa a lokacin, ta fitar da rahoto a kan waɗannan gidaje. Ta nemi a samu ma'aikata 8 ga kowane tsoffi 10. A lokacin wajen 6 ne, kuma cikin 6 ɗin har da masu dahuwa da masu shara da na ofis, ga aiki dare da rana. An ji maganarta, an ajiye.

Inda hannu ya yi kaɗan, abu biyu ne suke shigowa: igiya da ƙwaya. Mai ciwon mantuwa yana son yawo. Da yamma hankalinsa kan tashi, ya ce zai tafi gida, ko zai ɗauko yara daga lakkwal, yaran da suka yi furfura. Idan ba mai bin sa, sai a ɗaure shi bisa kujera da ɗamara, ko a tada ƙarafa gefen gado. Ana cewa don kada ya faɗi ne. Amma wanda aka ɗaure ƙafafunsa suna mutuwa, ranar da aka kwance shi faɗuwarsa ta fi muni. An sha samun wanda ya zame cikin ɗamarar ta shaƙe shi.

Ƙwaya kuwa ita ce igiyar da ba a gani. Ana ba su maganin masu taɓin hankali don su yi shiru. Gwamnatin Ingila ta sa wani babban likita, Sube Banerjee, ya duba wannan, ya ba da rahotonsa cikin 2009. Ya ce mutum wajen 180,000 masu ciwon mantuwa ake ba irin waɗannan ƙwayoyi a ƙasar kowace shekara. Waɗanda suke amfana ba su wuce 36,000 ba. Ya ce kuma ƙwayoyin suna jawo mutuwar mutum wajen 1,800 a shekara, waɗanda da ba su mutu a lokacin ba. Sau da yawa tsohon da ke ihu ba hauka yake ba. Haƙori ne ke masa ciwo, ko cikinsa ya ɗaure, ko ƙishirwa yake ji, bai san yadda zai faɗa ba.

Bayan tonon asirin, cikin watan Maris na 2022, gwamnatin Faransa ta yi alkawarin bincikar dukan gidajen 7,500 cikin shekara 2. Cikin Maris na 2025 ta ba da sakamako: an duba 96 cikin 100, an hukunta gida 55, wasu an rufe su, wasu an naɗa musu shugaban riƙo. Sai dai yawancin binciken bisa takarda aka yi shi, ba a taka ƙafa cikin gidan ba. Takarda kuwa ba ta warin fitsari. Wanda ya taɓa ganin yadda ake share gari ranar da babban baƙo zai zo, ya san bambancin ziyarar da aka sanar da wadda ba a sanar ba.

An yi doka kuma ran 8 ga Afrilu na 2024. Cikin abin da ta ƙunsa, kowane mazaunin gidan tsoffi yana da haƙƙin karɓar baƙon da yake so kowace rana. Dalili shi ne lokacin annobar korona, cikin Maris na 2020, an rufe ƙofofin gidajen, tsoffi da yawa suka mutu ba su ga nasu ba. Idon dangi shi ne mai gadi na farko.

Ƙauyen Dax

Ba duka gidajen ne suka lalace ba. A kudu maso yammacin Faransa, a garin Dax na jihar Landes, an gwada wata hanya. Shugaban majalisar jihar, Henri Emmanuelli, ya ji labarin wani wuri a ƙasar Holan mai suna Hogeweyk, wanda aka buɗe cikin 2009. Ya ce a yi irinsa. Ya rasu cikin 2017 bai ga ƙarshen ginin ba. An buɗe wurin cikin watan Yuni na 2020, kuma na hukuma ne, ba na neman riba ba.

An gina shi kamar ƙauye, bisa fili hekta 5. Gida 16 ne, kowane gida mutum 7 ko 8. Mazauna 120, ma'aikata wajen 120, ga kuma masu zuwa taimako kyauta daga cikin gari. Akwai dandali a tsakiya, da kanti, da wurin aski, da gidan abinci, da ɗakin littattafai. Akwai lambu da kaji, har da jakuna. Masu jinya ba su sa farar riga. Wanda ya so fita ya fita, ya zagaya, hanyoyin suna komowa da shi inda ya taso. Akwai shinge a kewaye, amma an ɓoye shi cikin itatuwa. Wanda ya saba tashi da asuba ya tashi, wanda ya saba barcin safe a bar shi. Wadda hannunta ya saba da fere dankali a ba ta ta fere. Hannu yana tuna abin da kai ya manta.

Aikin ya ci wajen euro miliyan 29, kuma mutum 120 kaɗai yake ɗauka cikin ƙasar da ke da masu ciwon kusan miliyan guda. Wasu masana suna cewa ƙauyen wasa ne, ana ruɗin tsoffi. Wasu suna cewa ba kowace jiha za ta iya ba. Maganar kuɗin gaskiya ce. Amma manomi da ya ji wannan bayani zai yi murmushi. Dandali, jaki, kaji, maƙwabta da suka san sunanka: abin da aka kashe miliyoyi aka gina, shi ne kowane ƙauye yake da shi tun kaka da kakanni.

A nan gida

A ƙauyukan Nijar ba a kai tsoho gidan haya. Gida shi ne asibitinsa, surukarsa ko ɗiyarsa ko jikarsa ita ce mai jinya. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Lokacin samun mulkin kai, cikin 1960, tsawon ran ɗan Nijar bisa lissafi bai kai shekara 40 ba. Yanzu ya wuce 60. Tsoffi suna ƙaruwa, masu ciwon za su ƙaru. Samari kuma suna tafiya cirani. Da damana kowa yana gona. Mace guda ce ake bari da daka, da ɗiban ruwa, da goyo, da tsohon da ke son fita. Ita ma hannu ya yi mata kaɗan, kamar waccan ta Neuilly. Daga nan ne ake kulle tsoho cikin ɗaka yini guda, ko a sa masa mari, ko a sayo ƙwayar barci wurin mai tallar magani a kasuwa. Ba mugunta ce ke kawo shi ba, gajiya ce. Amma illar ɗaya ce. Idan ƴan gida suka raba kwanaki, yau wannan gobe wancan, masu cirani kuma suka aiko da abin da za a ba wata ta taya aiki, igiya ba ta shigowa.

Haɗarin ƙauye daban yake da na Faransa. Rijiya marar baki, murhu da aka bari da wuta, maganin ƙwari da aka zuba cikin kwalbar sha, tabki da damana, zafin watan Afrilu. Mai ciwon ba ya tuna ya sha ruwa, sai an miƙa masa. Wanda ya kwanta ba ya tashi, a riƙa juya shi kowace awa 2 ko 3, a wanke shi a tsane shi. Idan ya ce uwarsa tana jiransa, alhali ta rasu shekara 40, gardama ba ta da amfani. Duk lokacin da aka ce masa ta mutu, sabon makoki ne gare shi. A tambaye shi labarinta, a ja shi zuwa inuwa.

Idan kuwa ruɗewa ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, tsohon da jiya lafiya lau yake, wannan ba gigin tsufa ba ne. Yana iya zama masassarar cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko shanyewar jiki ce ta fara. A kai shi gidan likita ranar nan. Awon hawan jini tun mutum yana da ƙarfinsa yana rage haɗarin ciwon. Haka barin taba da giya, da maganin ciwon suga. Masana sun lissafa har da rashin karatu tun yarinta cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin.

Abu mafi muni shi ne jifa da maita. Tsohuwa ta fita da dare ba zane, aka gan ta bayan gidan wani, tana surutai. Aka tambaye ta, ta amsa duk abin da aka ce, don ba ta san me ake tambaya ba. A arewacin Gana akwai matsugunai irin na Gambaga, inda matan da aka kora daga garuruwansu da sunan maita suke fakewa. Likitocin ƙasar sun sha faɗin cewa wasu daga cikin waɗannan mata ciwon mantuwa ne ke damunsu.

Gidan da ke da irin wannan tsoho ya kamata ya gaya wa mai gari da liman da maƙwabta tun da wuri, har da makiyayan da ke kiwo bayan gari, don su ne suke fara ganin wanda ya ɓata. Wanda ya iya rubutu cikin gidan ya samu ƙyalle, ya rubuta sunan tsohon da sunan garinsu da lambar wayar ɗansa, a ɗinke shi jikin rigar da ya fi sawa.